Tambaya: in Dardir da Dasuƙi sun saɓa, wa zan bi?

Assalamu alaikum malamai, Allah ya gafarta muku. A karatun fiƙihun Malikiyya, na sauke littafin Risala da sharhinsa Samarud Dani ba tare da wata wahala ba, sai na shiga Mukhtasar Khalil da sharhinsa Sharhul Kabir na Shehu Dardir, ga Hashiyar Dasuƙi (ƙarin bayani a kan sharhin Dardir) a gefe. Nan fa na cije.

Isɗilahin Khalil, wato kalmomin da yake nuni da su ga littafi ko malamin da ya ɗauko magana daga gare shi, na gane shi: "fiha" littafin Mudawwana yake nufi, "ikhtiyar" na Lakhmi ne, "tarjih" na Ibn Yunus, "zuhur" na Ibn Rushd. Harufan da Dasuƙi yake taƙaita sunayen malamai da su ma na fara sabawa da su, harufan "ba" da "nun" Bannani ne, "ha" kuma Haɗɗab.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sai Dardir ya ce wannan ne mu'utamad (ra'ayin da ake dogaro da shi a mazhaba), sai Dasuƙi ya kawo maganar Bannani yana raddi ga Zurƙani (wani mai sharhin Mukhtasar), hukuncin ya juye. Wani lokacin ma Dasuƙi ba ya rinjayar da kowa, ya bar ni a tsakiya. To wanne ake fatawa da shi? Akwai ƙa'ida ce, ko sai an koma Mawahibul Jalil, sharhin Haɗɗab a kan Mukhtasar, a kowace mas'ala? Malamin da nake ɗaukar karatu wurinsa ya yi tafiya, don Allah a taimaka.