Me za mu kira ɗan itacen da ke riƙe ƙotar gatarin Bature?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Malamai da masu sana'a, taimakonku nake nema. Na tsinci kan wani tsohon gatari a wurin 'yan gwangwan, tsatsa ta lulluɓe shi, guntun ƙota ya ruɓe a ciki. Na jiƙa shi a ruwan khal kwana biyu, na goge da burushin waya, sai ga tambarin Elwell ya fito, wato aikin maƙerar Wednesbury ta Ingila, wadda Edward Elwell ya karɓa a 1817. Kusa da baki kuma launin ƙarfen ya fi duhu, alamar iyakar wurin da aka taurara ke nan. Ina so in rubuta yadda na gyara shi don yaran da nake koya wa aikin katako, amma harshe ya tsaya mini. Masu wannan aiki a Amurka da Turai suna tsaga kan ƙota da zarto, su shigar da ita ramin ƙarfen, sannan su buga wani ɗan itace mai faɗin kai da siririn baki a cikin tsagar, ƙotar ta buɗe ta cika ramin. Wannan ɗan itacen suna ce masa "wedge". Ramin kuma "eye", wato ido, aikin gaba ɗaya "hanging", wato ratayewa. Ba na son in koya wa yara aiki da Hausa, sunayen kayan kuma da Turanci.

Bakanike daga Kaduna: Wa alaikumus salam. Malam, ai weji ne. Kowane kwandasta ya san weji, shi ake cusa wa taya a gangara. Kalmar ta riga ta zama tamu, a bar ta haka.

Ɗan gidan maƙera: Kafin a yi sauri, a lura da dalilin da ya sa ba mu da sunan. Gatarinmu da nasu haɗinsu ya sha bamban. A namu, ƙarfe ne ke shiga itace. Masassaƙi ya samo ƙota mai ƙulli a kai, ta marke ko aduwa, maƙeri ya sa wutsiyar ƙarfen a wuta ta yi ja, ya ƙona hanya da ita a cikin ƙullin. Duk sara ɗaya ƙara tura ƙarfen ciki yake yi, saboda haka babu abin da za a buga don ya riƙe. Haka fartanya, haka tsitaka. A nasu kuwa itace ne ke shiga ƙarfe, sara kuma fizgar kan gatarin yake yi waje. In ba a matse ba, wata rana ƙarfen zai tashi ya bar mutum da sanda a hannu, Allah ya kiyaye wanda ke tsaye a gaba. Iyayenmu ba su raɗa wa abin suna ba don ba su buƙace shi ba.

Game da aikin kansa, kada wanda ya ce "rataya gatari". In ka gaya wa yaro ya rataya gatari, a kafaɗa zai saƙala shi ko a bango. Muna da kalmarmu tun tale-tale: kwaɓa. Ana kwaɓa gatari a ƙota, in ya fita a ce ya kwaɓe.

Mai tambaya: Baba, Allah ya saka da alheri. Kwaɓa ta zauna. Abin da kawai ya ɗan tsaya mini, tunda a nan ƙota ce ke shiga, ko ma'anar ba ta juya ba?

Ɗan gidan maƙera: Ba ta juya ba, ɗana. Kwaɓawa haɗa ƙarfe da ƙotarsa ne. Diga ma ta cikin ƙarfe ƙotarta ke bi, kuma in ta fita kwaɓewa muke cewa.

Malamar Hausa: Na goyi bayan Baba. A kan ramin, kada mu ce ido. Allura ma da Bature ya ba ta ido, mu kafa muka ce. Da "kafar gatari" ta yi daidai, sai dai yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, za a riƙa karanta ta kamar ƙafar tafiya. Ina ganin "gidan ƙota" ya fi sauƙi, kowa ya ji ya gane.

Bakanike daga Kaduna: Gidan ƙota ya yi, Malama. Amma har yanzu ina kan wejina.

Kafinta daga Maraɗi: Ɗan'uwa, mu a nan ba mu san weji ba, Faransanci ne ya shigo mana ba Turanci ba. In ana son kalmar da za ta yi aiki daga Kano har Damagaram, a ciro ta daga cikin gida. Kuma aikin ma ba ɗaya ba ne. Abin da kuke sa wa taya tare hanya yake yi daga waje. Wannan kuwa shiga yake cikin itace ya buɗa shi. Ni da na fara gyaran guduma ƙusoshi nake bugawa a kan ƙotar, kamar yadda kowa ke yi, har na lura ƙusa fasa itacen take yi ta bar gefe a sake. Saboda haka kada a ce ƙusa ma, don yaro zai ɗauka kowace ƙusa ta isa.

Mai tambaya: Wannan gaskiya ne, na gani da idona. Cikin guntun da na fitar akwai ƙusa uku da ɗan guntun waya. Da injin huda na rarake itacen sannan na buge shi ya fita. Wani ya ce in jefa kan gatarin wuta itacen ya ƙone, na ƙi, don zafi zai kashe taurin bakin, a wasa shi yau ya dakushe gobe. To me za a ce da "ciko" ko "matoshi"?

Malamar Hausa: Ciko cike gurbi kawai yake yi, ba ya nuna ƙarfi. Matoshi kuma na bakin kwalba ne, hana zuba. Abin da wannan itace ke yi shi ne matsewa. Hanyar da Hausa ta saba bi wajen sunan kayan aiki ita ce ta mabuɗi, magagari, matoshi, wadda za ta ba mu "mamatsi". Amma da na ji kalmar a bakina, sai na ga ta fi dacewa da ƙarfen nan mai haƙora biyu da ake ɗaure a tebur yana riƙe aiki. Akwai wata hanyar: mantau, jimrau, mai yawan yin abu ko mai dagewa a kansa. Me zai hana mu ce "matsau"?

Ɗan gidan maƙera: Matsau. Na faɗa sau uku a nan zaune, bai yi wa baki nauyi ba. "Miƙo matsau." "Matsau ya yi kauri, rage shi." Kalmar da za a iya kira da ƙarfi cikin ƙarar guduma ita ce kalmar maƙera. Na karɓa.

Tunda yara za a koya wa, a haɗa musu da wannan. Ƙota ta bushe sarai kafin a kwaɓa. Wanda ya yi aiki da ɗanyen itace da damina, hunturu na zuwa zai ji kan gatari na kaɗawa. Kuma a daina jefa shi cikin ruwa don ya kumbura. Yana matsewa na kwana biyu, in ya sake bushewa ya fi da sakewa, ga tsatsa a gidan ƙota. Gara a ƙara buga matsau, a shafa mai.

Kafinta daga Maraɗi: A ƙara da cewa tsagar ba ta kai ƙarshen gidan ƙota, wajen kashi biyu cikin uku ta isa, in ba haka ba tsagewar za ta bi ƙotar ta sauka. Jijiyar itacen kuma ta bi layin kaifi. Su can hikori suke nema, itacen Amurka ta Arewa mai jure duka, har kamfanonin Suwidin irin su Gränsfors da shi suke yi. Mu marke ya ishe mu in an zaɓi miƙaƙƙe marar ƙulli. Amma akwai ɗan ƙarfen da wasu ke bugawa a karkace bayan na itacen. Shi fa?

Malamar Hausa: Aikinsu ɗaya, sunansu ɗaya. Matsau na itace, matsau na ƙarfe.

Bakanike daga Kaduna: To na sakar muku. A gareji weji zai ci gaba da zama weji, amma gudumata da ke kaɗawa gobe zan sassaƙa mata matsau.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta wa yaran, a duba mini: "Ka fere kan ƙota da magagari har ya shiga gidan ƙota babu rata. Ka tsaga shi da zarto. Ka kwaɓa gatarin, ka shafa wa matsau gam, ka buga shi har sai ya ƙi shiga. Ka yanke ragowar, ka bar ɗan kai a waje."

Ɗan gidan maƙera: Ya yi. Ka dai ƙara cewa da guduma ta katako ake buga matsau, ta ƙarfe tana fasa shi.