Tallafin Batir a Ostireliya: Wa Ke Biya, Wa Ke Ci?

Ɗan Haya: Salamu alaikum. Ina da magana, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Rangwamen nan da gwamnatin Firaminista Albanese ta fara bayarwa tun 1 ga Yulin 2025, inda take ɗauke wa mai sola kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin batirin gida, ni a wurina kuɗin marar gida ake kwasa ana miƙa wa mai gida. Dalar Ostireliya biliyan 2.3 aka ware da farko. Shekarata huɗu ina haya a Melbon. Rufin ba nawa ba ne, bangon da za a jingina batirin ma ba nawa ba ne. Kuma kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar nan na haya ne. Mu ina rabonmu?

Kawu: Wa alaikumus salam. Da ni kake, ɗana, na gane, tunda ni na nuna muku batirina ranar Juma'a. Bari in faɗa maka yadda nake kafin in sa shi. Farantaina na sola sun kai shekara goma a kan rufi a nan Adelaide. Da tsakar rana ba kowa a gida, wutar sai ta tafi layi, kamfani ya biya ni 'yan santi kaɗan a kan kowane kilowat-awa, wato ma'aunin wuta. Da magariba yara sun dawo, an kunna na'urar sanyaya ɗaki, uwargida ta ɗora girki, sai in sayi wutar da ninkin baninkin abin da na sayar. Yanzu ga shi nan a jikin bangon gareji, bai kai firij girma ba. Kafin azahar waya ta nuna min ya cika, har mu yi isha'i wutar rana muke ci.

Ɗan Haya: Allah ya sanya albarka, Kawu, ba hassada nake ba. Amma ai ka ƙarfafa maganata ne. Kai da kake da gida, kake da farantai, kake da ragowar kashi 70 a aljihu, kai aka taimaka wa. Ni kuma a cusa min kuɗin a takardar wuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Injiniya: Tsaya nan, malam, akwai gyara. Na farantan sola ne kamfanonin sayar da wuta suke biya, su kuma su raba shi a kan takardun jama'a. Na batir ba haka aka tsara shi ba, gwamnati ce take biya daga baitulmali don kada ya hau kan takardar kowa.

Ɗan Haya: Na karɓi gyaran. To baitulmalin daga sama yake faɗowa? Ana yankar haraji a ɗan albashina, in sayi takalmi in biya kashi 10 a kai. An dai sauya aljihun da ake zura hannu.

Injiniya: Wannan gaskiya ne. Amma ka dubi abin da ake saye da kuɗin. Rufi fiye da miliyan 4 ke da sola a ƙasar nan, kusan gida ɗaya cikin uku, amma lokacin da aka sanar da shirin, gida ɗaya cikin 40 ne yake da batir. Da tsakar rana wuta takan yi yawa har farashinta a kasuwar sari ya faɗi ƙasa da sifiri, wato mai tashar wuta ne zai biya don a karɓa. Rana na faɗuwa sai duk farantan nan su yi shiru lokaci guda, daidai sa'ar da kowa ya dawo gida. Sai a tada tashoshin gas masu tsada, kuma tasha mafi tsada da aka kunna ita ke yanka farashin wannan lokacin ga kowa. Duk gidan da ya sa batir ya fita daga layin masu sayen wutar magariba. Idan gida miliyan ya fita, layin da kai kake ciki ya ragu. Ba don son Kawu aka ba shi ba, an saye shi ne ya matsa gefe.

Ɗan Haya: A takarda ya yi kyau. Kamfanin da nake biya ne zai ga sari ya sauka ya kira ni ya ce ga ragi? Sannan kuɗin turaku da wayoyi bai ragu ba. Idan su Kawu sun daina saye, a kan wa za a raba shi?

Injiniya: Ta biyun nan tambaya ce mai nauyi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amsar da zan iya bayarwa ita ce, ana faɗaɗa wayoyi ne saboda cunkoson magariba, idan cunkoson ya lafa to wasu gine-ginen ba za a yi su ba. Amma ragin naka zai zo a hankali ne, a ɓoye cikin lissafi, na Kawu kuwa a rasiɗi ya gan shi ranar farko.

Hajiya: Ku bar ni in sa baki, don ni ina tsakiya. Gidan namu ne a Perth, amma banki ne ke da rabinsa. Kashi 30 ɗin nan bai isa ya motsa ni ba. Abin da ya sa muka yi shi ne jiharmu ta Yammacin Ostireliya ta ƙara nata tallafin, da bashi marar ruwa har dala 10,000 ga gidajen da samunsu bai wuce wani mizani ba. Kun san mu da maganar ruwa. Amma abin da na gani wurin masu sayarwa ya ba ni haushi. Mutum uku suka zo, biyu daga ciki ko takardar wutarmu ba su duba ba. Ɗaya ya tsaya a tsakar gida yana nuna min a waya cewa in ɗauki mai kilowat-awa 40, wai ai gwamnati ce za ta biya kaso mai tsoka. Na ce masa, bawan Allah, farantaina ba za su cika rabinsa ba a lokacin sanyi, ajiyar iska zan yi?

Ɗan Haya: Yauwa Hajiya, Allah ya biya ki. Tallafin a kan kowane kilowat-awa ake lissafa shi har zuwa 50, wanda ya fi saye shi ya fi samu. Mutane suka yi ta jibga manya, kuɗin da aka ce zai kai 2030 ya kama hanyar ƙarewa, sai ga ministan makamashi Chris Bowen a Disambar 2025 ya ce an mayar da shi dala biliyan 7.2. Ya ninka fiye da sau uku!

Injiniya: A sanarwar nan ai ya yanke wa manyan fiffike. Daga 1 ga Mayun 2026, kilowat-awa 14 na farko ne ke samun cikakken tallafi, daga nan zuwa 28 kashi 60 na tallafin, sama da haka zuwa 50 kashi 15 kacal. Na yarda tun farko haka ya kamata a yi. Ni kaina ina da nawa ƙorafin, kuma ya fi naka. Tarayya ta ce dole batirin ya zama wanda za a iya haɗa shi da dubban irinsa a sarrafa su kamar tasha guda, amma ba ta tilasta wa mai shi ya shiga ba. Ka ci kuɗin jama'a, sannan ranar da layi ya shiga matsi ka rufe ƙofa. Jihar su Hajiya ta sa sharaɗin shiga, kuma ita ta yi daidai.

Hajiya: Mun sa hannu kam. Maigida dai har yanzu yana gunaguni, wai wani a ofis yana taɓa masa batir.

Na Kano: Ikon Allah. Ina ta karatu ina dariya. Ku rigimarku wa za a rage wa, mu nan batir da inbata da guminka za ka saya, ba don ka rage kuɗin wuta ba, don wutar ce babu. Amma Ɗan Haya ka yi hattara da wannan hujjar. Ita aka yi ta karanta mana a kan tallafin fetur, wai mai mota uku ne ke cinye shi. Aka cire ranar 29 ga Mayun 2023, sai ga shi wanda ko keke ba shi da shi ya fi kowa jin jiki.

Ɗan Haya: Yaya, ba ɗaya ba ne. Fetur kowa na hawa motar da ke shan shi, tumatir ma a mota yake zuwa kasuwa. Batirin Kawu a garejin Kawu yake.

Kawu: Kuma garejin Kawu bai manta 28 ga Satumbar 2016 ba, ranar da guguwa ta kayar da turaku, jihar nan ta Kudancin Ostireliya gaba ɗaya ta shiga duhu. A ranar na san cewa farantai ba sa ba ka komai idan layi ya mutu, inbata kashe kanta take yi don kada ta kama ma'aikacin da ke kan waya. Shi ya sa na biya ƙari aka haɗa min nawa yadda zai riƙe firij da fitilu. Ku tambaya kafin ku saya, ba kowane haɗi ke yin haka ba.

Ɗan Haya: Bayan wannan duhun ai babban batir aka gina a Hornsdale, can jiharku, a 2017, wanda ke yi wa kowa aiki, mai gida da ɗan haya. Akwai kuma shirin baturan unguwa guda 400, da dala miliyan 200. Ku ɗora miliyan 200 kusa da biliyan 7.2 ku gani.

Injiniya: Ana gina manyan ma, da kuɗin 'yan kasuwa. Bambancin shi ne a na gida gwamnati ta sa 30, mai gida ya kawo 70 daga aljihunsa, ba neman fili, ba jan sabuwar waya. Kuma an sanar da wani abu da ya shafe ka: awa uku na wuta kyauta da tsakar rana daga Yulin 2026, a wasu jihohi tukuna, ga duk mai mita ta zamani, ko yana da sola ko babu.

Ɗan Haya: Da tsakar rana ina ɗakin gwaje-gwaje. Wa zai fi morar wutar kyauta ta azahar in ba mai wurin zuba ta ba?

Kawu: To ɗana, mai gidan haya ma yana da damar karɓar rangwamen a kan gidan da ya bayar. Ka zo ranar Asabar ta waya mu rubuta masa takarda tare, ni na san yadda ake lallaɓa irinmu.

Ɗan Haya: Na gode Kawu, zan kira. Amma shi zai biya, ni in ga sauƙin, ka san lissafin da zai yi. Mutumin da wata uku ina binsa ya gyara famfon kicin, har yau bokiti ne a ƙarƙashi.