Ɗakin karatun garinmu ya koma sito: ƙofar wa ya kamata in buga?

Mai Fotokwafi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san aikin ƙaramar hukuma daga ciki ya haska mini hanya, don wata huɗu ke nan ina zagaye wuri ɗaya.

Ina da shagon fotokwafi da cajin waya a bakin titin da ya bi ta gaban sakateriyar ƙaramar hukumarmu. Ba zan faɗi sunan garin ba, gyara nake nema, ba tonon silili ba. Daura da shagona akwai wani tsohon gini mai ɗaki biyu da baranda, wanda har yau dattawa suke kira ɗakin karatun En'e, wato hukumar gargajiya ta da. Ina firamare nake shiga wurin. A nan na fara riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da hannuna. Akwai wani dattijo mai kula da wurin, sai ka nuna masa tafin hannunka ya ga babu maiƙo kafin ya bar ka ka taɓa littafi, sannan ka rubuta sunanka a rajista. Tun da ya yi ritaya aka garƙame ƙofar. Yanzu buhunan taki ne a ɗaki ɗaya, ɗayan kuma kujerun roba da rumfunan taro. Littattafan suna cikin kwalaye a ƙasa, kwanon rufin yana yoyo, gara kuma ta samu wurin zama.

Abin da ya tayar da ni shi ne yaran da ke zama a bencin shagona. Ina da sola, fitilata ba ta mutuwa, to kullum bayan sallar isha'i sai samari goma zuwa sha biyu su zo da littattafansu, masu shirin JAMB da WAEC, suna karatu babura na wucewa ta gabansu. 'Yan mata kuwa ko ɗaya babu, don ba uban da zai bar 'yarsa ta zauna bakin titi da dare. Ni ma 'yata ta fari tana ajin ƙarshe na sakandare, a tsakar gida take karatu da fitilar waya, ƙannenta na tsalle a kanta, ga gini can a kulle da taki a ciki.

Na je wurin ciyaman tare da mai unguwarmu. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce mu ɗauka an gama. Shiru. Na je sashen ilimi, suka ce ginin na hukumar ɗakunan karatu ta jiha ne. Na biya kuɗin mota na je babban birnin jiha, can kuma aka ce mini ginin na ƙaramar hukuma ne, su littattafai kawai suka taɓa kaiwa. Kansilanmu ya ce an tattauna maganar a zaman majalisa, da na tambaye shi me aka yanke, ya ce zai duba.

To don Allah, talaka irina yana da ikon shiga zaman kansiloli ya saurara? Ana rubuta abin da suka yanke, kuma ana ba mutum ya gani? Ita hukumar laburaren ta jiha, tana zama kuwa, kuma takardar mai shago tana isa teburinta?

Tsohon Akawun Majalisa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na daɗe a kujerar akawun majalisa kafin in yi ritaya, kuma daga labarinka na ga inda aka samu tangarɗa. Duk wuraren da ka je, da baki ka je. Maganar da ciyaman ya yi maka a ofis karamci ne. Hukuma da takarda take aiki.

Ƙaramar hukuma hannu biyu gare ta. Akwai ɓangaren zartarwa: ciyaman, mataimakinsa, sakatare, da kansiloli masu gafaka da yake naɗawa su kula da sassa kamar ilimi, ayyuka, lafiya da gona. Akwai kuma majalisa, ta zaɓaɓɓun kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, da shugabansu da akawunsu. Su ne masu amincewa da kasafin kuɗi da yin dokokin gari. Duk zaman da aka yi, akawu yana rubuta minit: ranar zama, waɗanda suka halarta, wanda ya kawo ƙuduri, wanda ya mara masa baya, da abin da aka tsayar. A zama na gaba a karanta, a amince, a sa hannu. Saboda haka ka koma wurin kansilanku cikin ladabi ka ce, ranka ya daɗe, wace rana aka yi zaman? In akwai rana, akwai minit. In babu rana, hira aka yi a ƙarƙashin bishiya.

Ka rubuta takardar koke zuwa ga shugaban majalisa ta hannun akawu, shafi ɗaya, kada ka cika surutu. Ka nemi abu uku kawai: a kwashe kayan, a gyara rufi, a sa ɗakin cikin kasafin baɗi. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka, ka adana. Ka ba ciyaman kwafi, ka ba kansila mai gafaka na ilimi, ka ba hakimi. Lokaci ma yana da muhimmanci: wajen ƙarshen shekara sassa suke haɗa ƙiyasin kuɗinsu, in ka bari aka rufe, sai ka jira wata shekarar.

Batun wa ke da ginin, kada ka ƙara tambayar sashen ilimi. Sashen ayyuka za ka je, su ke riƙe da littafin kadarori. Gine-ginen En'e da yawa ƙananan hukumomi ne suka gaje su bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, in ba a yi takardar miƙa wannan ginin ga jiha ba, da wuya ya zama ba nasu ba ne. Kuma ka san dalilin da ya sa kowa ke ture maganar. Ƙa'idojin garambawul na 1976 sun ambaci laburare da ɗakunan karatu cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta iya yi tare da jiha. Amma Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, inda aka jero kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, sa wa tituna suna da rajistar haihuwa da mutuwa, bai ambaci laburare da suna ba. Abin da ya ce shi ne ƙaramar hukuma ta sa hannu a ilimin firamare, na manya da na sana'a. Ta wannan ƙofar za ka shigar da kokenka: ka ce wurin karatun ɗalibai ne da ajin yaƙi da jahilci.

Shiga zama kuwa, a inda na yi aiki ban taɓa ganin an kori mutum ba, sai dai ba mai zuwa. Ka nemi izinin shugaban majalisa tun kafin ranar, ka zauna a baya, kada ka yi magana sai an ba ka dama.

Ma'aikaciyar Laburare ta amsa:

Malam, na karanta labarinka har sau biyu, wurin kwalayen nan da ke ƙasa ya tsaya mini a rai. Baba Akawu ya gama magana a kan majalisa, bari in faɗi namu ɓangaren.

Irin ginin da kake magana a kai yana da asali. A shekarun 1940, lokacin yaƙin Hitila da bayansa, aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa ƙarƙashin En'e, ana ajiye jaridu da 'yan littattafai. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana tallafa musu da littattafai da horar da masu kula da su. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, kowace jiha ta ɗauki nata, daga baya aka riƙa kafa hukumomin laburare na jihohi da doka, irin wadda ke riƙe da ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano. Ka ga tun fil azal gini da mai gadi na gari ne, littafi da ƙwarewa daga sama suke zuwa. Don haka mutanen da suka amsa maka a babban birni wataƙila gaskiya suka gaya maka, sai dai rabinta.

Hukumar tana da mambobi da gwamna ke naɗawa, da shugaban gudanarwa mai riƙe da aikin yau da kullum. Akan daɗe ba a naɗa mambobin ba, to a lokacin shugaban da daraktocinsa ne ke yanke hukunci, manyan abubuwa kuma su wuce ma'aikatar da ke sama da su. Shugaban gudanarwar za ka rubuta wa. Kada ka nemi kuɗin gini a wurinmu, za a ajiye takardar. Ka nemi a turo ma'aikaci ya duba littattafan ya rubuta rahoto, sannan in an buɗe, a ba ku ma'aikaci ko a horar da wanda ƙaramar hukuma za ta ɗauka. Wannan rahoton, in ka liƙa shi a bayan kokenka na majalisa, ya fi sa hannun mutum ɗari nauyi.

Abu ɗaya zan ƙara a kan na Baba: buƙatun huɗu ne, ba uku ba. Na ga ɗakunan da aka yi wa fenti, aka yanka kirtani, bayan wata shida suka sake rufuwa don ba wanda aka ce aikinsa ne ya buɗe ƙofa da safe. Naku ma da ritayar mutum ɗaya ya mutu. Ku sa albashin mai kula a rubuce. Ku kuma nemi a ware wa mata lokaci, tsakanin la'asar da magariba, da mace mai kula, in ba haka ba 'yarka za ta ci gaba da karatu a tsakar gida ko an buɗe.

Kafin nan, ka roƙi mai riƙe da makulli ya bar ku ku ɗaga kwalayen daga ƙasa ku ɗora kan benci, nesa da bango. Ku ware waɗanda gara ta shiga. Kada ku shanya jiƙaƙƙen littafi a tsakiyar rana, a inuwa mai iska ake buɗe shi. In kun ci karo da tsohuwar rajistar masu karatu, ku riƙe ta da kyau.

Tsohon Kansila ya amsa:

Ni na yi kansila zango ɗaya, kuma ina so a yi wa kansilanku adalci. Mutane suna zaton muna da kuɗi a aljihun majalisa. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake bi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada. In an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata, abin da ke isowa ba ya taka kara ya karya. Mun sha zartar da ƙuduri ya kwanta a fayil. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce mulkin kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ne mai kyau, amma ka tambayi ma'ajin garinku ko ya gani a ƙasa.

Duk da haka kwashe taki ba ya buƙatar kasafi, umarnin ciyaman ne da lebura huɗu. Shawarata, ranar zaman kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da yaran nan da littattafansu a hannu, da iyaye biyar ko shida, da limamin unguwa in zai yarda. Kansila yana iya manta takarda, ba ya manta fuskar mai ƙuri'a. Kuma ka ba shi damar ya zama shi ne mai kawo ƙudurin, sunansa ya shiga minit.

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

In suka hana ka ganin minit, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Za ka nema a rubuce, kuma kwana 7 doka ta ba hukuma ta amsa ko ta faɗi dalilin ƙi. Amma ka fara bin hanyar da su Baba suka nuna, don gari ɗaya kuke, gobe ma za ku haɗu a masallaci.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan akwai cibiyoyin karatu da ake kira CLAC, waɗanda aka kafa da haɗin gwiwar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Tsarin da aka kafa su a kai a rubuce yake: gari ya ba da gini da mai kula, ƙungiyar ta kawo littattafai da kayan aiki, gwamnati ta sa ido. Ku nemi irin wannan yarjejeniya tsakanin ƙaramar hukumarku da hukumar laburare, kowa ya sa hannu a kan nasa. Kuma tunda kuna da zaɓaɓɓun kansiloli, ku je zamansu. Mu tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwanmu, naɗaɗɗu ke riƙe da su.

Mai Fotokwafi ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Akawu, na bi maganarku. Na je sashen ayyuka ranar Litinin, aka buɗe littafin a gabana, ginin yana ciki, na ƙaramar hukuma ne. Na kai takarda, an buga mini hatimi, kuma na sa buƙata ta huɗu kamar yadda Hajiya ma'aikaciyar laburare ta ce. Kansilanmu da kansa ya gaya mini maganar ba ta taɓa shiga ajanda ba, ya kuma yarda zai kawo ƙudurin a zama mai zuwa.

Hajiya, an ba mu makulli na awa biyu ranar Asabar. Ni da yaran mun ɗaga kwali goma sha ɗaya, uku gara ta gama da su. Mun samu rajistar, bangonta ya cire amma ana karanta sunayen, har na ga nawa da rubutun yarinta. Tambayata yanzu: takardar da zan aika wa hukumar laburare, in jira sai majalisa ta zauna, ko in aika tun yanzu don rahoton ya riga zaman isowa?