Yaya zan koyar da sauyin yanayi da tattalin wuta ba tare da hadda ba?

Malamar SVT (kimiyyar halittu da ƙasa), Tawa: Assalamu alaikum malamai. Ina da 'yan aji uku na CEG (ƙaramar sakandare), sun wuce sittin. Darasin sauyin yanayi suna haddace shi kamar karatun allo, amma in ka tambaye su me ya haɗa shi da fankar da ke juyawa a bisa kansu, sai shiru. Darakta kuma yana kukan kuɗin wuta. Wane aiki yara za su yi da hannunsu, wanda ba ya cin kuɗi?

Mushen (malamin) lissafi, Yamai: Wa alaikumus salam Malama. Fara da mitar NIGELEC (kamfanin wutar lantarki na Nijar) ta makarantar. Yara biyu su rubuta lambar da ke jikinta a kaye ƙarfe 8 na safe, su sake rubutawa lokacin tashi, mako biyu a jere. Abin da aka ci tsakanin tashi da safiyar gobe, ba kowa a makaranta, shi za ki fara bincika.

Sannan su zagaya su karanta wat ɗin da ke rubuce a jikin kowane abu. Fankar sama takan ci wajen wat 75. Huɗu a aji wat 300 ke nan, awa 6 a yini ya ba da kWh 1.8 (kWh ɗaya shi ne cin wat 1,000 na tsawon awa guda). Amma a manta su kunne daga ƙarfe 6 na yammacin Juma'a zuwa ƙarfe 8 na safiyar Litinin, awa 62, sun cinye kWh 18.6, cin kwana goma na karatu. Ki bari su yi lissafin a allo da kansu.

Yawanci ba ganganci ne ke jawo wannan ba. Ana ɗauke wuta ana cikin darasi, kowa ya fita makunni na nan yadda yake, wuta ta dawo da dare. Maganinsa a shafa jan fenti a gefen kashewa na kowane makunni, a naɗa ɗalibi ɗaya kowane mako ya duba kafin a kulle ƙofa, ko da wuta ko babu.

Mai aikin sola, Tawa: Mushe ya faɗi gaskiya, sai dai a yi wa yara adalci: babban mai cin wutar yana ofis. Na'urar sanyaya ɗaki guda tana cin fiye da wat 1,000, ta fi fanka goma sha uku. A sa ta a digiri 26 maimakon 18, a rufe ƙofa, a wanke ragar tace ƙurarta duk mako biyu lokacin hunturu. Dogon ƙwan neyon mai wat 36 kuma, in ya mutu a maye shi da LED mai wat 18.

In kuna da sola, ƙura ce abokiyar gabarta. A goge gilashin da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, kada da tsakar rana yana da zafi, kada kuma a busasshe, yashi na karce shi. Batirin dalma in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ba ya daɗewa.

Tsohon ma'aikacin gona, Illela: 'Yata, ni abin da nake jin tsoro shi ne a ce wa yaro kashe fanka zai dawo da damina. Ba haka ba ne, kuma ranar da ya gane zai daina yarda da sauran. Hayaƙin da ke ɗumama duniya mafi yawansa daga manyan ƙasashen masana'antu ya fito, rabon Nijar a ciki ƙanƙane ne ƙwarai. Ki gaya musu hakan, sannan ki nuna musu daga ina wutarmu take: wadda ake sayowa daga Najeriya, kwal na Anu Araran, injinan gazuwal, da rana, kamar tashar Malbaza mai megawat 7 da ta Goru Banda mai 30.

Ki raba musu zafin yau da yanayi. Yanayi sai an tara awon shekara talatin. Don haka su tambayi kakanninsu fari na 1973 da na 1984, da lokacin da ake shuka da, su kawo a rubuce.

Awon ruwa ba wuya: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa daidai da gindinsa, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo, a auna da ma'auni kowace safiya a zubar. Milimita 1 lita 1 ce a kowane murabba'in mita. Matsalar, damina tana faɗowa cikin babban hutu, sai ki ba yara biyar su tafi da aikin gida, su kawo kaye a Oktoba.

Kuma ki fitar da su su ga tassa da rabin wata (ramukan tare ruwan sama) a gonakin Badagishiri, ko layukan bedi (dogon yaro) na kwarin Majiya. A harabarku ma za su iya haƙa tassa goma kafin ruwan farko, zurfin santimita 15 zuwa 20, ƙasar a tara ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu biyu a kowace.

Malamar SVT, Tawa: Na gode Baba, na gode malamai. Litinin za mu fara da mita. Mushe, tamu irin ta kati ce, lambar raguwa take, lissafin ɗaya ne?

Mushen lissafi, Yamai: Ɗaya ne, ki cire ta yamma daga ta safe. Ranar da aka sa sabon kati a rubuta adadinsa a gefe, in ba haka ba lissafin ranar zai rikice.