Mutum biyu sun yi gyara ɗaya, yaya za mu raba aiki a GitHub?

Abu Hafsat, Madina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu shida ne muke haɗa manhajar lokutan salla da Hausa, a buɗe take a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, kowa na iya sa hannu. Huɗu muna nan Saudiyya, biyu suna Kano, a WhatsApp muke raba aiki. Makon jiya mutum biyu suka gyara lokacin Isha'i ba tare da sanin juna ba, gyaran ya yi karo. Wani kuma ya ce ya ɗauki aikin kalandar Hijira, yau wata biyu shiru. Don Allah a ba mu shawara.

Maman Aiman, Jidda:
Wa alaikumus salam Malam. A WhatsApp magana nutsewa take yi a cikin gaisuwa. Ku mai da komai sashen Issues na GitHub, inda ake rubuta matsaloli, kowace matsala da tikitinta. Mai son aiki ya rubuta a ƙasan tikitin cewa ya ɗauka, mai kula ya sa sunansa a Assignees, wato jerin waɗanda aka ba aikin. Baƙon da ba shi da izini a ma'ajiyar manhajar a GitHub, ba za a iya sa sunansa ba sai ya fara magana a tikitin.

Daga nan mai aikin ya yanki reshensa (branch, wato kwafin da zai yi gyara a kai shi kaɗai), ya buɗe buƙatar haɗewa (pull request, wato neman a haɗe gyaransa da ainihin manhajar) a matsayin daftari tun ranar farko, ko layi biyar ya rubuta, don kowa ya ga akwai mai yi. A bayaninta ya sa "Closes #14", wato lambar tikitin. Da an haɗe, tikitin zai rufe kansa, amma fa sai in da babban reshe, wato ainihin manhajar, aka haɗe.

Malam Bashir, Riyad:
Ɗan'uwa, ina zargin ma ba matsala ɗaya suka gyara ba. A lissafin Ummul Ƙura, wanda ake bi a Saudiyya, Isha'i minti 90 ne bayan Magariba, minti 120 a Ramadan. Lissafin Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, kuwa da kusurwar rana yake: Isha'i na shiga in rana ta yi ƙasa da digiri 17 bayan faɗuwarta. Na Madina da na Kano kowa zai ce "Isha'i ba daidai ba", alhali kowa da abin da yake nufi. Ku ajiye fom na kai rahoton matsala a .github/ISSUE_TEMPLATE mai tambayar gari, kwanan wata, hanyar lissafi, sigar manhaja, lokacin da ta nuna da wanda ya kamata. Rahoton da ya rasa waɗannan a mayar wa mai shi ya cike.

Maman Aiman:
Batun mai kalanda: in kwana 14 sun wuce ba motsi, a tambaye shi a tikitin, a ƙara masa 7, sannan a cire sunansa. Ku rubuta wannan a CONTRIBUTING.md, fayil ɗin ƙa'idojin sa hannu, tun yanzu, kada ranar da aka cire wani ya ɗauka raini ne. Aikin ma ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ku raba shi uku: juya kwanan wata, sunayen watanni da Hausa, sai nunawa a fuskar waya.

Abu Hafsat:
Allah ya saka da alheri. To karon da ya riga ya faru fa?

Malam Bashir:
A haɗe guda tukuna. Na biyun ya yi git fetch don jawo sabon gyaran, ya yi rebase, wato ya ɗora nasa gyaran a kan babban reshe, ya warware layukan da suka yi karo da hannu, ya gwada da Madina da Kano duka. Ku kuma kulle babban reshe, kada a haɗe komai sai wani ya duba ya amince. Mai duba a ba shi kwana 3: awa biyu ke tsakaninku da Kano, hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi.