Courbe de tarage: me za mu ce mata da Hausa?

1/ Jama'ar Damagaram, ina neman taimako. Ina shirya bayani don masu karanta sandar awon ruwa a ƙauyuka, na cije a kan kalmar Faransanci "courbe de tarage". Layi ne da ke gaya maka: in ruwa ya kai santimita kaza a jikin sanda, to mita kubik kaza ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Ana samunsa ne bayan an sha shiga ruwa ana auna gudunsa, damina da rani.

2/ Na fara da "lanƙwasar awo". Na karanta wa mahaifiyata, ta ce wace awarar ce ta lanƙwashe. Na soke.

3/ Wani dattijo da ya daɗe a aikin ruwa ya ce: "Ɗana, ka ce tiyar kogi mana. Tiya in ta lotse, mai hatsi ya cuci mai saye bai sani ba." Ta burge ni, don haka abin yake: ambaliya ɗaya ta kawo rairayi, ko ciyawar kacala ta toshe hanya kamar yadda take yi a Komadugu Yobe, layin bara ya tashi aiki. Amma tiya tana auna abin da ke tsaye, mu kuwa gudu muke aunawa. Na ce Baba, a yi haƙuri.

4/ Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ruwa ya janye. Akwai tsayin da in ruwa ya sauko gare shi, gudu ya ƙare, ko da sanda na nuna akwai ruwa. A 1985 kogin Isa kansa ya daina gudu a Yamai, balle Koramarmu. Wannan tsayin ake fara cirewa daga abin da sanda ta nuna, sannan a zuba sauran a takardar logaritim, wato takardar zane da ke miƙar da irin wannan lanƙwasasshen layi. In an cire daidai, layin ya miƙe sak, sai a ja shi ƙasa zuwa inda ba a taɓa aunawa ba. In an kuskure, wutsiyarsa ta karkace.

Misali: sanda ta nuna 25, kai ka ɗauka gudu na tsayawa a 20, saura 5. Ashe rairayi ya ɗaga wurin zuwa 23, saura 2. In lissafin na ninka lamba da kanta ne, ka rubuta gudu 25 (5 sau 5) a inda gaskiya 4 ce (2 sau 2). Santimita uku kacal!

5/ Ga inda na tsaya: tsayin nan "matsayar gudu", jan layin zuwa inda ba awo "ƙarashen ƙiyasi", layin kansa "layin tsayi da gudu". Na ukun ya yi mini tsawo a baki. Baba kuwa ya ce shi dai tiyarsa zai ci gaba da faɗa. Wa ke da wadda ta fi gajarta?