Furigana: me za mu ce masa da Hausa?

Mai Shiri: Salamu alaikum malamai. Gobe da goman safe zan ɗauki shirin rediyo kan yadda yaran Japan ke koyon rubutu. Hiragana da katakana, nau'o'in rubutunsu biyu na gaɓoɓi, na bar su da sunayensu, na ce kowanne alama 46 ce, kowace alama gaɓa guda. Inda na maƙale shi ne furigana, 'yan ƙananan hiraganan nan da ake ɗorawa a saman kanji, wato alamomin rubutunsu masu ɗauke da ma'ana, don mai karatu ya san furucin. Ku agaza.

Malamin Hausa: Wasali. Ai haka muke yi wa yaro a allo, in ya ƙware ya karanta babu wasali.

'Yar Damagaram: Allah gafarta Malam, wasali baƙi yake motsawa. Kanji kuwa ma'ana yake ɗauke da ita, furucinsa na sauyawa. Alamar dutse, 山, in tana ita kaɗai yama ce, a sunan dutsen Fuji kuma san. Furigana furucin yake ba ka sukutum. Ni dai "manunin furuci".

Baba Tsoho: Manunin furuci sai ka ce takardar ofis. Ku ce "goyo". Ɗan ƙaramin rubutu a kan babba, me ya rage?

'Yar Damagaram: Baba, in rubutun daga sama zuwa ƙasa ne, kamar na littattafansu da yawa, a gefen dama yake zama.

Baba Tsoho: To ba a saɓa yaro a kwiɓi ne? Goyo ne dai.

Ɗan Ajami: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Yaronsu na koyon kanji 80 a aji ɗaya, ya gama firamare da 1,026, na amfanin yau da kullum 2,136 ne, ba su ce ya yi wuya ba. Mu kuwa mun jingine ajami, muna nan muna wa rubutun wasu suna.

Malamin Hausa: Su ma fa daga Sin suka aro kanjin. Kalmomin aro daga harsunan waje kuma katakana suka ware musu, ba su jin kunyar aro.

Ɗan Ajami: Sun ara sun riƙe. Mu fa?

Mai Shiri: Don Allah malamai, ajami sai wani makon. Goyo ya yi mini daɗi a kunne, sai dai mai saurare ba ya ganin takarda, zai ɗauka maganar reno nake.

Baba Tsoho: Yaran yanzu, in kalma ba ta yi kama da fassara ba, ba kwa yarda da ita.

Mai Shiri: Tuba nake Baba. Zan ce furigana sau ɗaya, in bi shi da "manunin furuci", in kwatanta da wasalin allo. Goyo zan sako shi a matsayin misali.

Baba Tsoho: Misali kawai? To. Amma ka faɗe shi a farko, kada ka bari sai lokaci ya ƙure.